Mari ne ya ci Haɗeja a 1906?

Duk ranar 25 ga Afrilu, Haɗejawa kan tuna da Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya faɗi a 1906 yana kare birninsa daga rundunar Kanar Lowry-Cole. Rahoton Turawa cewa ya yi Sarki ne ya janyo wa kansa: an aika masa da takardar gargaɗi, aka mari ɗan aike a fada. Wannan labarin ya shiga littattafai ya miƙe ƙafa.

Ni dai ban gamsu ba. Wata biyu kafin nan, a Fabrairu, talakawan Satiru da ke kusa da Sakkwato sun kashe Turawa uku da gatura da fartanya, har suka ƙwace bindiga mai jigida. Hankalin Gwamna Lugga ya tashi, yana neman inda zai nuna ƙarfi, ga kuma Haɗeja da ta yi suna wajen taurin kai, tun zamanin Sarki Buhari da ya tarwatsa rundunar Sakkwato a Gamon Gafur. Ko ba a mari kowa ba, da sun zo.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka toshe hanyar makamai tun kafin a ja daga. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, wai don hana cinikin bayi, suka haramta sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, sai harba-ka-ruga da albarushinta. Sauran kafar da ta rage ita ce ta Tarabulus zuwa Damagaram, inda Sarki Tanimu har igwa ya sa aka ƙera masa. Faransa ta kama Damagaram a 1899. Shi ya sa a 1906 baraden Haɗeja suka fito da sulke da lifidi, da masu da takubba, suka tari igwa da mai jigida a titunan gari. Kafin faɗuwar rana an gama, Turawa suka naɗa Haruna sabon sarki.

Har yau mai sayar da makami ke riƙe da linzami. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Taurarin GPS da jirage da sojoji ke bin hanya da su ma mallakar rundunar Amurka ne, kuma sai a watan Mayun 2000 ta daina dusashe siginar da take bai wa sauran duniya.