Gonar Gado da Sa Hannun Gwamna

Tun kafin zuwan Turawa, manomi a ƙasar Hausa ya san iyakar haƙƙinsa. Wanda ya sari daji da izinin mai gari, ya yi sassabe, ya dasa gamba a kan iyaka, gona ta zama tasa, bayan ransa 'ya'yansa su gada. Yana iya ba da ita aro ko jingina, dattawan unguwa ne shaidu. Malamai ma ba su bar zancen a fatar baki ba, domin Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Gumi da shaidar maƙwabta su ne tushen wannan haƙƙi, kuma dokokin da suka biyo baya raunana shi suka yi.

Da aka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya ce ikon ƙasa ya koma hannun wanda ya ci yaƙi. Kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 ya haifi dokar 1910, wadda ta damƙa filayen Arewa ga gwamna da sunan riƙon amana. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawunta, sannan a 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa tsarin a Najeriya baki ɗaya. Mai gonar gado ya wayi gari yana da izinin zama kawai.

Wasu za su ce dokar 1910 ce ta hana Turawa mamaye gonakinmu kamar yadda suka yi a Kenya. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Amma kariyar da ta dogara da kirkin mai mulki ba ta da tabbas, kuma manoman Bakolori, kusa da Talata Mafara, sun gani a 1980, lokacin da suka fito neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Wasu kuma za su ce ai sarakunan da ma sun yi ƙwace. Sun yi, sai dai a lokacin kowa zalunci yake kiransa, yanzu kuwa da sa hannun gwamna ake yi, da sunan amfanin jama'a, a biya kuɗin shuka da gini, ƙasar kanta ko kwabo. Dokar 1978 tana cikin tsarin mulkin 1999, don haka ba ta gyaruwa sai ta hanyar da ake gyara shi.