Batirin ƙari na keken lantarki: yadda ake gano inda matsala take

Wagadugu gari ne na masu ƙafa biyu, kuma a 'yan shekarun nan kekuna da ƙananan babura masu lantarki sun shiga cikin sahun da ke cika titunan birnin. Mai tashi daga unguwar Zongo da ke yammacin gari zuwa babbar kasuwar Rood Woko, ya kuma dawo da kaya da yamma, yakan ga batiri ɗaya ya yi masa kaɗan. Wannan ya sa wasu ke ɗora batiri na biyu. Idan na biyun ya fara gardama, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne ya mutu. Sau da yawa kuwa laifin yana wajen caja, ko fis, ko mahaɗar wayoyi, ko rashin daidaito tsakanin batiran biyu. Bincike daga waje zuwa ciki yakan ceci kuɗi, wani lokaci har ya ceci ɗaki daga gobara.

Abin da ke cikin akwatin

Batirin litiyam tarin ƙananan ƙwayoyi ne da aka haɗa a jere. A nau'in da ya fi yawa, kowace ƙwaya tana kai volt 4.2 idan ta cika, ta sauka wajen volt 3 idan ta ƙare. Batirin da aka rubuta wa volt 36 yana da rukuni 10 a jere, don haka cikarsa volt 42 ce. Mai volt 48 yana da rukuni 13, cikarsa 54.6. Akwai wani nau'in litiyam da ake kira LFP, wanda mai rukuni 16 a cikinsa yake cika a 58.4, alhali shi ma 48 ake rubuta masa. Tsofaffin kekuna da masu araha kuma batirin dalma suke ɗauka, guda huɗu masu volt 12.

A cikin kowane batirin litiyam na kirki akwai ɗan allon tsaro da ake kira BMS. Aikinsa ya yanke wuta idan caji ya wuce kima, ko wata ƙwaya ta yi ƙasa sosai, ko aka ja wuta fiye da ƙarfinsa. Batirin da ya yi shiru kwatsam, mai yiwuwa wannan allon ne ya rufe shi don ya kare ƙwayoyin.

Hanyoyin haɗa batiri biyu

Hanya ta farko ita ce makunni, wanda ke zaɓar batiri ɗaya a lokaci guda. Ta biyu ita ce ɗan akwatin haɗi, wanda ke fara jan wuta daga batirin da ya fi cika har su zo daidai, sannan ya ja daga duka biyun. Ta uku ita ce haɗa wayoyinsu kai tsaye, ja da ja, baƙi da baƙi. Wannan ta ukun ce ta fi haɗari: idan aka haɗa cikakken batiri da wanda ya kusa ƙarewa, wuta za ta kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya da ƙarfin da zai iya ƙona fis ko ya narkar da mahaɗa. Ba a haɗa su sai nau'insu ɗaya, adadin rukuninsu ɗaya, kuma mita ta nuna awonsu ya yi daidai. Litiyam da dalma ba sa zama a waya ɗaya.

Matakan bincike

Kayan aikin da ake buƙata mitar awon wuta ce kawai, irin ta masu gyaran rediyo da masu haɗa sola.

1. A duba da ido, a shinshina. Kumburi, tsagewa, warin sinadari ko zafi alhali batirin yana ajiye, kowanne alama ce ta a tsaya. A fitar da shi fili, nesa da katifa da fetur, kada a sake sa masa caja.

2. A raba batiran, a gwada kowanne shi kaɗai a jikin keken. Idan na ƙarin ya tuƙa keken lafiya, matsalar tana wajen haɗin.

3. A auna bakin batirin bayan caji. Mai volt 48 ya kamata ya nuna kusa da 54.6. Idan ya tsaya a 50 ko 51 alhali fitilar caja ta koma kore, ko dai cajar ta raunana, ko wani rukuni ya riga sauran cika, allon tsaro ya yanke. Idan mita ta nuna sifiri, a fara zargin makunni da fis kafin ƙwayoyi.

4. A auna bakin cajar, a kuma karanta abin da aka rubuta a jikinta. Cajar volt 42 ba za ta cika batirin 48 ba, cajar 54.6 kuma haɗari ce ga batirin 36. Bakinsu na iya zama iri ɗaya, shi ya sa ake rikita su a gidan da ke da keke fiye da ɗaya.

5. A duba fis da mahaɗai. Baƙin tabo, roba da ta narke ko ƙarfen da ya yi sako-sako suna hana wuta wucewa yadda ya kamata. Fis ɗin da ya ƙone da irinsa ake canza shi. Ɗaura waya a gurbinsa cire mai gadi ne daga ƙofa.

6. A lura da akwatin haɗi. Idan babban batiri yana 54, na ƙari yana 48, akwatin ba zai taɓa na ƙarin ba sai babban ya sauko. Mai keke zai ga kamar ba ya aiki, alhali layinsa ne bai zo ba.

7. A gwada shi da nauyi. Batirin da ke nuna cika a tsaye amma ya ɗauke da zarar an murɗa hannu ko an hau gada, ƙwayoyinsa sun gaji, ko wata walda ta saki a ciki.

Lokacin caji ma shaida ne. Batiri mai Ah 10 da cajar amfiya 2 yana buƙatar sa'o'i 5 zuwa 6 daga ƙarewa zuwa cika. Wanda ya cika cikin sa'a ɗaya ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa.

Zafi, ƙura da ɗauke wuta

Yawancin masu ƙera ƙwayoyin litiyam sun sa iyakar caji a maki 45 na ma'aunin Selsiyus. A watannin Maris da Afrilu zafin Wagadugu kan haura 40 a inuwa, batirin da ya sha rana da tafiya kuma ya fi haka. Sai a bar shi ya huce kafin a sa caja. Ƙurar hunturu tana shiga mahaɗai, girgizar hanyoyin jar ƙasa tana sassauta su, ruwan damina kuma yana kawo tsatsa. Idan SONABEL ta ɗauke wuta, a zare cajar daga bango har wutar ta dawo ta zauna. Batiran da aka haɗa kai tsaye a raba su kafin caji, domin a wasu batira wutar da ta shiga ta bakin fita ba ta bi ta tsaron caji. Wanda zai ajiye keke na makonni ya bar batirin da kamar rabin caji.

Inda binciken gida ya ƙare

Buɗe akwatin batiri aikin gwani ne. Haka nan tsallake allon tsaro don a tilasta wa batirin da ya daɗe a mace karɓar caji: ƙwayar da ta kwana ƙasa da volt 2.5 na tsawon lokaci tana iya lalacewa a ciki, ta kama wuta daga baya. A birnin New York na Amurka, gobarar batiran litiyam ta kashe mutum 18 a 2023. A Nanjing ta ƙasar Sin, wutar da ta tashi daga wurin ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15 a Fabrairun 2024. Darasin ya shafi ɗakin haya mai ƙofa ɗaya: ba a cajin batiri a bakin ƙofa, ba a kuma barinsa a caji a kwanta barci.

Mai zuwa wajen gyara ya tafi da batiran biyu, da cajojinsu, da lambobin da mita ta nuna. Da su mai gyara zai bambance batirin da fis kawai yake nema da wanda ya gama aikinsa. Wanda ya gama aikinsa kuma ba na juji ba ne, ba na ƙona shara ba. A naɗe bakinsa da salatif, a mayar wa mai sayarwa ko mai gyara.