Waƙa a Bakin Mai Ita: Daga Birnin Mumbai Zuwa Kasuwar Kifi ta Baga Road

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan maƙala za ta dubi wani irin jinka da ba a cika kawo shi a wannan karin magana ba, wato rubuta tarihin gari. Za a fara da birnin Mumbai na ƙasar Indiya, wanda ɗimbin mutanen da ba su san juna ba suka taru suka gina bayaninsa a kundin ilmi na intanet. Daga nan sai a waiwayo gida a ga yadda magabatanmu na Kano da Borno suka yi irin wannan aiki tun kafin zuwan kwamfuta. A ƙarshe za a yada zango a Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri, domin a tambayi dalilin da ya sa kasuwar da ta ciyar da garuruwa masu yawa ba ta samu masu rubuta tarihinta ba, sai masu ƙirga gawawwakinta.

Yadda Aka Gina Bayanin Mumbai

A ranar 15 ga Janairun 2001 ne Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, kundin ilmin da kowa ke iya shiga ya ƙara ko ya gyara. Duk gyaran da aka yi yana nan a ajiye da lokacinsa, kuma kowace maƙala tana da zauren tattaunawa inda masu gyara ke muhawara kafin a tsayar da magana. Sharuɗɗan aikin uku ne manya: a kawo madogara ga abin da aka faɗa, kada mutum ya shigar da bincikensa na ƙashin kansa wanda ba a buga ba, kuma kada a karkata ga wani ɓangare.

Wanda ya karanta maƙalar Mumbai ta Turanci zai ga amfanin waɗannan sharuɗɗa. Zai tarar cewa asalin birnin tsibirai bakwai ne, mazaunin masunta da ake kira Koli. Turawan Fotugal suka karɓe su daga hannun Sarkin Gujarat a 1534. A 1661 suka shiga cikin garar gimbiyar Fotugal, Catherine, da ta auri Sarkin Ingila Charles na Biyu, shi kuma ya ba kamfanin Ingila mai ciniki a Indiya hayarsu a 1668 a kan fam goma duk shekara. Sannu a hankali aka cike ruwan da ke tsakanin tsibiran har suka zama ƙasa guda. A 1995 gwamnatin jihar Maharashtra ta sauya sunan birnin daga Bombai, sunan da iyayenmu suka sani ta hanyar finafinan Indiya, zuwa Mumbai. Ƙidayar 2011 ta nuna mutane fiye da miliyan 12 a cikinsa. Kusan kowace jimla daga cikin waɗannan tana rataye da littafi ko jarida ko rahoton hukuma, har madogaran suka kai ɗaruruwa.

Abin lura a nan shi ne, masu gyaran sun tarar da rumbu cike ne suka ɗiba. An fara buga jaridar Bombay Samachar a 1822, wadda ta zama Times of India kuma a 1838. An kafa jami'ar birnin a 1857, aka kuma buga kundin bayanin birni da tsibirinsa a 1909. Har tashar Sassoon, wadda aka gina a 1875 kuma ta zama babbar kasuwar kifin birnin, tana da tarihinta a rubuce. Ke nan haɗin gwiwar da muke gani a allon kwamfuta hawa na ƙarshe ne a kan ginin takarda na kusan shekara ɗari biyu.

Mu Ma Mun San Gayya

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aiki baƙo ne a ƙasarmu. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Masana sun yi saɓani a kan mawallafinsa. Murray Last yana ganin an tara shi ne hawa-hawa tun daga ƙarni na 17, John Hunwick kuwa ya karkata ga cewa Ɗan Rimi Malam Barka ne ya haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19. Ko wanne aka ɗauka, abin da ke ciki ya fito ne daga bakuna da yawa: maroƙa da makaɗan fada da malamai da tsofaffin gidan sarauta. Daga baya Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta mayar da shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930.

Haka zalika a Borno, Imam Ahmad bn Furtu ya rubuta labarin mulki da yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a 1576 da 1578, ya haɗa abin da ya gani da idonsa da abin da amintattu suka shaida masa. Jerin sarakunan Saifawa, wato Diwani, wanda Heinrich Barth ya samu a Kukawa a farkon shekarun 1850, shi ma aikin zamunna ne, kowane zamani ya ɗora nasa. Daɗin daɗawa, ƙamusun Bargery na 1934, duk da sunan mutum guda da ke bangonsa, an tattara shi ne daga bakin malamai da masu sana'a na garuruwa daban-daban. Tambayar nan ta "wa ya faɗa maka?" kuwa, malaman hadisi sun mayar da ita fanni guda tun fiye da shekara dubu, suka kira silsilar masu ruwaya isnadi.

Sai dai waɗannan ayyuka na gida suna da gibi iri ɗaya. Fada suka fuskanta. Sun kiyaye sunan sarki da shekarun mulkinsa da garuruwan da ya ci, amma ba kasafai suka kula da wanda ya kama kifin da aka ci a fadar ba.

Kasuwa da Tafkinta

Maiduguri ƙaramin yaro ne idan aka gwada shi da Kano. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a sabon mazaunin da aka kira Yerwa, kusa da sansanin Turawa da tsohon ƙauyen Maiduguri, shi ya sa har yau birnin ke amsa suna biyu kamar yadda Mumbai ke yi. Jirgin ƙasa ya iso a 1964. Birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ya samu jami'a a 1975, ya kuma zama hedikwatar Jihar Borno a 1976. Kasuwar kifin ta ɗauki sunanta ne daga hanyar da ta miƙe arewa maso gabas, ta bi ta Monguno zuwa garin Baga, tafiyar kimanin kilomita 200.

Ba a fahimtar kasuwar sai an fahimci Tafkin Cadi. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, ruwa yana bakin garin Baga. A wannan zamani ne komar zaren roba ta yaɗu, hanyar mota ta kyautata, kamun kifi ya tashi daga abin sawa a miya ya zama babban fatauci. Buduma, mazauna tsibirai, da Barebari suka samu abokan sana'a: Hausawa masunta daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗeja, da Jukunawa, har da mutanen Mali. Da fari ya afka a 1973, tafkin ya rabu biyu, ya kuma ƙara janyewa a farin 1984, sai masunta suka bi ruwa. Doron Baga ta zama tashar kwale-kwale, sababbin tungaye suka tsiro a inda a da ruwa ne. Kifin ma ya sauya. Giwan ruwa, mai son ruwa mai zurfi, ya yi ƙaranci, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, masu jure wa fadama, suka mamaye. Dabarar dumba, wato jera gura a tare hanyar kifi, ta samu karɓuwa.

Tun da zafin rana ba ya barin ɗanyen kifi ya yi nisa, sai aka dogara da banda. A ƙyafe kifi a bakin ruwa, a shirya shi a kwali, a ɗora a mota zuwa Maiduguri. A nan Baga Road ne yake canza hannu, kafin manyan motoci su kwashe shi zuwa Onica da Inugu da Ibadan da Ikko. Tsakanin masunci da mai saye akwai fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya ba masunci bashin kayan aiki, ya tsaya masa a ciniki. Akwai dillalai, da 'yan dako, da masu ɗaurin kwali, da mata masu sarin ɓaraguzan kifi su sayar a unguwa. Galibin wannan ciniki a kan amana yake tafiya, Hausa kuma ita ce harshen da Babarbare da Shuwa da Inyamuri ke haɗuwa a cikinsa su daidaita farashi.

Abin da Takarda Ta Riƙe

Wanda ya nemi sunan wannan kasuwa a intanet, da wuya abin da na zayyana a sama ya fara tararsa. Zai fara cin karo ne da 20 ga Fabrairun 2012, ranar da 'yan bindiga suka buɗe wuta a cikin kasuwar. Zai ga 7 ga Maris na 2015, ranar da bama-bamai suka tashi a Baga Road da Kasuwar Monde da tashar Borno Express, mutane fiye da hamsin suka rasu. Zai ga harin watan Yunin wannan shekara. Zai ga yadda Boko Haram ta afka wa garin Baga a Janairun 2015, da yadda sojoji suka hana jigilar kifi a wasu shekarun rikicin domin toshe wa maharan hanyar kuɗi, abin da ya bar rumfuna a buɗe babu kaya. Duk wannan gaskiya ne, wajibi ne kuma a rubuta shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ɗalibin da ya zauna zai gina maƙalar kasuwar bisa sharaɗin madogara, zai wayi gari ya rubuta jerin ta'aziyya, sai ɗan abin da ya tsinto daga rahotannin masana kifi da aka rubuta da Turanci. Yadda aka fara zama a wurin, da waɗanda suka shugabanci 'yan kasuwar bi da bi, da yadda ake warware rikicin bashi, duk suna cikin kan dattawa, kundin kuwa ba ya karɓar abin da ke cikin kai.

Indiyawa ma sun ci karo da wannan katanga. A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, inda aka naɗi hira da mutanen karkara a kan wasanni da al'adun da ba a taɓa bugawa ba, aka nemi a kafa hujja da muryoyinsu. Gwajin ya ta da muhawara, amma bai sauya dokar Wikipedia ta Turanci ba. Masu dokar suna da hujjarsu, domin in an buɗe ƙofa ga "an ce", ƙarya za ta shigo tare da gaskiya. Mu ma muna da tamu, domin in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Mafita ita ce a bi matakan da Mumbai ta bi. A fara ɗauko magana daga bakin mai ita, a tantance ta kamar yadda malaman isnadi suka koyar, a buga ta a mujalla ko littafi, sannan mai gyaran kundi ya samu abin ratayawa.

Jinkiri kuwa yana da tsada. Gobarar da ta cinye Kasuwar Monde a Fabrairun 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, sun nuna yadda dare ɗaya ke iya shafe littattafan bashi da rasitai da hotunan da za su zama shaida. Matasan da suka ga ruwa a bakin garin Baga a 1963 kuwa, yau sun haura saba'in.

Kammalawa

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Duk shekara ɗalibanmu na rubuta kundayen kammala digiri, da yawansu a kan batutuwan da aka riga aka tatse. Da za a tura biyar daga cikinsu Baga Road, ɗaya ya tattara kalmomin sana'ar banda, ɗaya ya bi tarihin fatomomi, ɗaya ya saurari mata 'yan sari, ɗaya ya naɗi kirarin masunta da karin maganarsu, ɗaya kuma ya bi mota har Onica, da mun samu rumbun da za a ɗiba. Kowannensu ya rubuta sunan wanda ya ba shi labari, da izininsa, da ranar hirar, ya kuma ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin ya tsayar da magana. Malamai su tace, mujallu irin wannan su buga. Daga nan sai masu aiki a Wikipedia ta Hausa su ɗora hawa na ƙarshe, wani a Maiduguri ya fara, wani a Zariya ya gyara shekara, wani a Maraɗi ya ƙara sunan kifi. Ranar da aka yi haka, jikan fatoma zai buɗe wayarsa ya karanta yadda kakansa ya yi fatauci, ba yadda aka kai masa hari kaɗai ba. Allah Ya ba mu ikon farawa tun masu labarin suna raye.