Kakannin da Ieyasu ya nema: darasi daga kundayen nasabar Japan

Wajajen shekarar 1566, wani matashin sarkin yaƙi na lardin Mikawa mai suna Matsudaira Ieyasu ya roƙi fadar sarkin Japan da ke Kiyoto ta amince ya sauya sunan gidansu zuwa Tokugawa. Hujjarsa ita ce wai tsatsonsa ya tashi daga reshen Nitta na zuriyar Minamoto, wadda ke jingina kanta ga Sarki Seiwa. Masana tarihi da dama a yau suna ganin tsara wannan salsala aka yi don ta dace da burinsa. Duk da haka ta biya buƙata: a 1603 aka naɗa shi shogun, wato jagoran mayaƙa mai riƙe da ragamar mulki, gidansa kuma ya juya ƙasar sama da shekaru 260.

Wannan labari shi ne gargaɗin farko ga mai neman asalin wani gida a Japan ta hanyar manyan kundayen nasaba. Ƙasar tana da arzikin irin waɗannan kundaye. A 815, zamanin Sarki Saga, aka kammala Shinsen Shojiroku, wanda ya lissafa dangogi 1,182 na babban birni da kewayensa, ya kasa su uku: jikokin sarakuna, masu da'awar fitowa daga alloli, da zuriyar baƙin da suka ƙetaro daga Sin da Koriya. A ƙarshen ƙarni na 14 wani bafade, Toin Kinsada, ya tattara Sonpi Bunmyaku, madogarar da ake komawa gare ta kan gidajen Fujiwara da Minamoto da Taira. Sai gwamnatin Tokugawa ta umarci sarakunan larduna da manyan barorinta su miƙa salsalarsu, aka kammala Kan'ei Shoka Keizuden a 1643, sannan Kansei Choshu Shokafu a 1812, mai juzu'i 1,530.

Abin lura shi ne dalilin rubuta su. Hukuma ce ta nema, gidajen kuma su suka kawo bayanin kansu, a zamanin da muƙami da albashin shinkafa suka rataya a kan asali. Saboda haka sunayen da ke kusa da lokacin tattarawa sukan inganta, domin akwai shaidu da takardun naɗi. Can sama kuwa, inda ake ɗaura gida ga wani sarki ko jarumin da ya shuɗe da ƙarni biyar, nan ake samun ɗinki. Har sana'a aka yi ta ƙirƙirar salsala ana sayar wa masu hali.

Akwai kuma batun riƙo. Abin da kundin ke bi shi ne ɗorewar gida, ko da jini ya yanke. Idan babu ɗa namiji, sai a ɗauko mijin 'ya ko ɗan wani gida ya gaji suna da dukiya. Mata kuwa sau da yawa ba a rubuta sunansu, sai dai a ce "mace" kawai. Manoma da 'yan kasuwa, waɗanda su ne mafi yawan al'umma, ba sa cikin waɗannan kundaye. Sai a 1870 aka ba talakawa izinin amfani da sunan iyali a hukumance, a 1875 aka wajabta shi. Don haka kamanceceniyar suna da wani gidan samurai ba ta tabbatar da dangantaka.

Shi ya sa masu bincike suke farawa daga ƙasa. Matakin farko shi ne koseki, rajistar iyali da ƙananan hukumomi ke ajiyewa, wadda zuriya kai tsaye ke iya nema, galibi har zuwa tsarin 1886. Rajistar 1872 an rufe ta tun 1968, domin an riƙa amfani da ita wajen gano 'yan burakumin ana nuna musu wariya a aure da ɗaukar aiki. Daga nan sai kakocho, littafin mamata na wuraren ibadar Buddha, da rubutun kan kaburbura, da rajistar addini ta ƙauyuka a zamanin Tokugawa. Sai waɗannan sun kai mai bincike ga wani mutum takamaimai, mai suna da lardi da zamani, sannan yake buɗe babban kundi ya duba ko sunan ya haɗu da wani reshe. Wanda ya fara daga Sarki Seiwa yana gangarowa, ko shakka babu zai samu kakan da yake so, kamar yadda Ieyasu ya samu.