Shari'ar Korematsu: ranar da kotu ta bi bayan gwamnati

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen shari'a da tarihi, ga wata shari'a da ya kamata mu sani.

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a Disamban 1941, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya ba sojoji ikon kwashe mutane daga gaɓar yammacin Amurka. Kusan mutum 120,000 'yan asalin Japan aka tura sansanoni, kashi biyu cikin uku kuma 'yan ƙasa ne. Fred Korematsu, haifaffen Oakland, ya ƙi tafiya, aka kama shi.

A 1944 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin da aka yanke masa, alƙalai shida da uku, wai larurar yaƙi ce. Alƙali Murphy, ɗaya daga cikin ukun, ya ce wariyar launin fata ce kawai aka halatta.

Sai a 1983 wata kotun tarayya ta wanke shi, bayan an gano gwamnati ta ɓoye rahotannin da suka ƙaryata zargin leƙen asiri. A 1988 Amurka ta nemi afuwa, ta kuma amince za ta biya duk wanda ya rage da rai dala 20,000.

To jama'a, mu da ke karatu nesa da gida mun san zafin a ɗora wa mutum laifi saboda asalinsa. Duk ranar da aka ce tsaro ne ya sa aka kwashi wata al'umma gaba ɗaya, mu tambaya: ina hujjar?