TARIHIN WANNAN MAKO: Sautukan Da Boko Bai Kama Ba



Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama kawuna a nan Daura. Da ya fara samun sauƙi, sai muka lura "ƙafa" ta koma masa "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". Babu wani rubutun Hausa da aka ba shi ya karanta don a auna inda harshen ya karye. Wannan ya sa na bi sawun tarihi.

Likitocin Turawa sun daɗe da irin wannan rubutu: gajeren labari mai ɗauke da kusan dukkan sautukan harshe, gwargwadon yadda suke yawan fitowa a magana. A 1975 Darley, Aronson da Brown na asibitin Mayo a Amurka sun yaɗa wani labarin kaka da har yau ake gwada masu lalurar magana da shi.

Mu kuwa, sa sautukanmu a takarda ma sai da aka sha fama. A 1912 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko. Bargery ya buga ƙamusunsa a 1934. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, sun zauna ne a shekarun 1930, zamanin R. M. East a Zariya, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kai su gida-gida tun daga 1939. A 1993 Russell Schuh da Lawan Ɗanladi Yalwa suka bayyana sautukan Hausa da labarin gardamar iska da rana, amma don masana harshe suka yi.

Har yanzu boko na ɓoye karin sauti da tsawon wasali. "Kuka" ta miya da "kuka" na hawaye rubutu ɗaya ne, haka "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Ga "r" iri biyu da harafi ɗaya. A irin waɗannan wurare ne harshen maras lafiya ke tuntuɓe. Kuma Dauranci ba Kananci ba ne, kada a ɗauki lafazin dattijo a matsayin ciwo.

Ga aikin wannan mako: kowa ya rubuta labari mai jimla goma, mai sauƙi, wanda ya taɓo kowane baƙi da wasali, dogo da gajere. Ku karanta wa tsofaffin gidanku kafin ku turo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.