Yadda Aka Riƙa Zaɓen Ɗaliban Digiri na Uku a Kimiyyar Lafiya

Digiri na uku, wanda aka fi sani da digirin digirgir, ya samo siffarsa ta yanzu daga jami'o'in Jamus na ƙarni na 19, musamman Jami'ar Balin da aka kafa a 1810, inda aka ɗora darajar malanta a kan binciken da ɗalibi ya gudanar da kansa. A wancan zamani shiga ba ta da wata doguwar hanya, domin ɗalibi kan je wurin farfesa guda ya nemi ya karɓe shi a ɗakin gwaje-gwajensa, kamar yadda masu neman ilimin sinadarai suka riƙa tururuwa wurin Justus von Liebig a garin Giessen. Amurka ta ari wannan tsari, Jami'ar Yale ta ba da digiri na uku na farko a ƙasar a 1861, sannan Jami'ar Johns Hopkins, da aka buɗe a 1876, ta mai da bincike ginshiƙin aikinta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin gwamnatin Amurka ya kwararo cikin binciken kimiyyar lafiya ta hannun Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, masu nema suka yawaita, sai zaɓe ya bar hannun malami guda ya koma ga kwamiti. Kwamitocin kuwa, da yake ba su san masu neman ba, suka jingina da maki, musamman na jarrabawar GRE da aka fara a 1936, wadda ke auna harshe da lissafi. Daga baya jami'o'i da dama suka haɗa sassan kimiyyar halittu a ƙofa ɗaya, ɗalibi ya shafe shekarar farko yana zagaya ɗakunan bincike, galibi uku, kafin ya zaɓi wanda zai yi masa jagora.

A 2017 bincike biyu daga jami'o'in Vanderbilt da Carolina ta Arewa suka nuna cewa makin GRE ba ya hasashen yawan takardun binciken da ɗalibi zai wallafa, na Carolina ma ya gano cewa wasiƙun shaida na malamai sun fi shi nuna hakan. Cikin 'yan shekaru shirye-shiryen digiri na uku da yawa suka daina neman jarrabawar. Wannan gyara yana da nasa aibin, tunda ɗalibin da jami'arsa ba ta da kayan gwaji, ko malamansa ba sanannu ba ne, ya rasa mizanin da yake gogayya da kowa a kai. A yau abin da kwamiti ya fi dubawa shi ne aikin da mai nema ya taɓa yi a ɗakin bincike, da bayanin da ya rubuta a kansa, da shaidar malamin da ya ga aikin da idonsa.